Kiwon kifin betta a zafin Yamai

A garin da ake sauke giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa a bakin kogi kowace safiya, mutumin da ya ce yana kiwon kifin da ba a ci, wanda tsawonsa bai wuce santimita 6 ko 7 ba, dole ne ya saba da amsa tambayoyi. Ina cikin masu wannan kiwo a nan Yamai, kuma kifin da na fi ba wa ƙarfina shi ne betta. Na lura cewa matasanmu sun fara sha'awarsa saboda hotunan bidiyo da suke gani a waya, sai dai akwai abubuwa biyu da suke damuna game da yadda suke shiga harkar. Na farko, akan miƙa musu kifin a cikin ɗan kofi a ce musu ba ya buƙatar komai. Na biyu, yawancin shawarwarin da suke karantawa a intanet an rubuta su ne a Turai da Amurka, inda babbar damuwar mai kiwo ita ce yadda zai ɗumama ruwa, alhali mu a nan muna da watanni uku da ruwan ɗaki yake neman ya dafa kifin, da wasu biyu da sanyin asuba yake kwantar da shi.

Asalin wannan kifi ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, wato Kambodiya da Laos da Biyetnam, inda yake zaune a gonakin shinkafa da fadamu da magudanan da ruwansu ba ya gudu sosai. Na daji ba shi da wannan ado da muke gani: launinsa tsakanin kore ne da ƙasa-ƙasa, wutsiyarsa gajera. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa, da farko domin haɗa maza faɗa ana caca a kai, kuma binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa kiwon ya kai aƙalla shekaru 1,000. Wani likita ɗan ƙasar Denmark, Theodore Cantor, ya yi bayaninsa a rubuce a 1849, sannan a 1910 masanin kifaye na Ingila Charles Tate Regan ya ba shi sunan da masana suke kiransa da shi har yau, Betta splendens. Ya shiga Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, daga nan masu kiwon ado suka yi ta zaɓen masu dogon fiffike da launi mai ƙarfi har aka samu ja da shuɗi da fari da ruwan ɗorawa. A 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa, amma na dajin yana raguwa saboda gurɓatar ruwa da gine-gine, har Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana tun 2011.

Abin da ya jawo masa wahala a hannun mutane wata baiwa ce da Allah ya yi masa. A cikin kansa, sama da kunnuwan da kifi yake shaƙar iskar ruwa da su, akwai wata gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe cike da ƙananan jijiyoyin jini, wadda take ba shi damar ɗaukar iska kai tsaye daga sararin sama. Duk wanda ya ga yadda tarwaɗa take daɗewa da rai a cikin kwano bayan karfasa ta daɗe da mutuwa ya san irin wannan baiwa, domin ita ma tana da gaɓa mai irin wannan aiki. Saboda haka za ka ga betta yana hawowa saman ruwa lokaci-lokaci, ya guntsi iska, ya koma ƙasa. Wannan ne ya sa ba ya saurin mutuwa a cikin kofi, kuma daga nan ne mutane suka yanke hukuncin cewa kofi ya ishe shi. Gonar shinkafar da ya fito ba ta da zurfi, gaskiya ne, amma tana da faɗi, tana cike da ciyayi da ƙwari, kuma ruwanta mai yawa ne wanda ƙazanta ba ta taruwa a cikinsa cikin yini guda. Kifin da aka kula da shi yana kai shekaru 3 ko 4, wanda aka bari a kofi kuwa da wuya ya ga ƙarshen shekarar farko.

Mazubin da nake ganin ya kamata a fara da shi shi ne wanda yake ɗaukar lita 20, ko fiye idan akwai hali, kuma faɗinsa ya fi zurfinsa muhimmanci tunda kifin yana buƙatar isa sama ba tare da wahala ba. Akwatin gilashi ya fi kyan gani, kuma masu yankan gilashi suna iya haɗa shi idan aka ba su awo, muddin sun yi amfani da dankon silikon marar maganin funfuna. Wanda bai da kuɗin wannan yana iya samun babbar roba mai haske sabuwa a kasuwar Katako ko Wadata, kifin ba zai san bambanci ba. Abin da ba ya karɓuwa shi ne jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ko sabulu, komai wankin da aka yi mata. Sai murfi, domin betta yana tsalle, a bar kuma tazarar yatsu uku tsakanin ruwa da murfin saboda iskar da zai shaƙa.

Dalilin nacewa a kan yawan ruwa shi ne abin da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa da kashinsa, ragowar abinci ma tana ruɓewa ta ƙara yawanta, kuma amoniya guba ce da take ƙona kunnuwan kifi da gefen fiffikensa. A mazubin da ya kwana biyu ana kiwo a ciki, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna zama a jikin tsakuwa da soson matata, wato na'urar da take tace ruwan mazubi, suna mayar da amoniya zuwa nitirit, wasu kuma su mayar da nitirit zuwa nitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da zai isa aikin akan ɗauki makonni 4 zuwa 6, saboda haka a watan farko sai an yawaita canjin ruwa. Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne cewa gubar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, wato ƙazantar da kifi zai jure a Janairu tana iya kashe shi a Afrilu. Ni nakan canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, in ninka haka a bazara, kuma ba na wanke soson matata da ruwan famfo, sai da tsohon ruwan da na ɗebo daga mazubin, domin kada in kashe ƙwayoyin da suke yi mini aiki. Idan ruwa ya yi fari-fari ko ya fara wari, a tuna cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa abinci ne ya yi yawa.

Ruwan famfon Yamai, wanda mafi yawansa daga kogi ake tace shi a unguwar Gudel, yana ɗauke da kulorin domin kare lafiyarmu, kuma haka ya kamata, sai dai kulorin ɗin da yake kashe ƙwayoyin cuta yana lahanta kunnuwan kifi. Akwai maganin ɗigawa da yake kawar da shi nan take, amma ba kullum ake samunsa ba. Hanyar da na dogara da ita ita ce randa. Na ware randa guda domin kifi kaɗai, nakan cika ta in bar bakinta a rufe da ƙyalle mai shara-shara, bayan kwana biyu kulorin ya fita, ruwan kuma ya huce daga zafin da yake fitowa da shi daga bututun da rana ta gasa. Kafin in zuba, nakan haɗa shi da ruwan da ya kwana a ɗakin har zafinsu ya zo kusa da na mazubin, domin ruwan randa a lokacin iska mai bushewa yana iya yin sanyi fiye da yadda hannu yake ji, kuma sauyin zafi na farat ɗaya ya fi cutar da kifi a kan zafi ko sanyin da ya zo sannu a hankali.

Betta ya fi jin daɗi a ruwa mai digiri 25 zuwa 28. Yana jure 30 ko 31, amma idan ya wuce 32 kuma ya daɗe a haka, jikinsa yana ƙona abinci da sauri, iskar oksijin da ke cikin ruwa tana raguwa, launinsa yana dusashewa, sai ka gan shi ya rataye a saman ruwa yana haki. To a Yamai matsakaicin zafin rana a watan Afrilu yana kai digiri 41, daren Mayu kuma ba ya cika sauka ƙasa da 28, saboda haka ɗakin da yake da rufin kwano ba tare da silin ba yana iya kai ruwan mazubi 34 kafin la'asar. A nan ne ma'aunin zafi na cikin ruwa yake zama kayan aikin da ya fi kowanne, kuma ina ganin wanda bai saye shi ba bai gama shirin sayen kifi ba.

Matakin farko shi ne wurin ajiya. Ƙasa ta fi kan tebur sanyi, ɗakin da yake tsakiyar gida ya fi wanda bangonsa yake fuskantar yamma, ɗakin ƙasa mai kaurin bango kuma ya fi na bulo riƙe zafi guda dare da rana. Kada rana ta taɓa gilashin ko da na rabin sa'a. Mataki na biyu shi ne amfani da bushewar iskarmu, wadda a wannan wuri alheri ce: idan aka musanya murfin da raga marar magani, aka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, tururin da yake tashi yana sauke zafin da digiri 2 ko 3. Idan wuta ta ɗauke, abin da yake yawan faruwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, nakan jiƙa buhun algarara in naɗe gefe uku na mazubin, in riƙa yayyafa masa ruwa. Sai dai ruwan da ya tafi a tururi yana barin gishirinsa da dattinsa a baya, don haka cika mazubi ba ya maye gurbin canjin ruwa. Ƙanƙara kuwa ban yarda da ita ba a ƙaramin mazubi, domin tana sauke zafi da sauri ya sake hawa cikin sa'a guda, kuma wannan hawa da sauka ya fi zafin kansa illa. A waɗannan watanni ina rage abinci, ina kuma barin kifin ya huta daga duk wani yunƙurin haihuwa.

Hunturu yana zuwa da akasin haka, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane, tunda rana tana da zafinta. Da asubar Janairu iska tana sauka zuwa digiri 16, wasu ranakun ƙasa da haka, ƙaramin ruwa kuwa yana bin iskar ɗaki sau da ƙafa. Idan ka haska fitila a irin wannan safiya za ka tarar da kifin a kwance a ƙasan mazubi, ya naɗe fikafikansa sun manne da jiki, idan ka jefa abinci sai ya kalle shi yana nutsewa bai motsa ba. A irin wannan hali ne cutar fararen ɗigo take kama shi, wadda wata ƙaramar halitta mai suna Ichthyophthirius take haddasawa. Ƙaramar na'urar ɗumama ruwa mai wat 25 ta ishi lita 20, kuma watanni biyu ko uku kawai za ta yi aiki a shekara. Wanda bai samu ba ya lulluɓe mazubin da bargo tun da magariba, ya rufe taga, ya ɗora shi a kan katako ko kwali maimakon siminti. Ƙurar hunturu kuma tana yin yana a saman ruwa, daidai inda kifin yake shan iska, saboda haka murfi ya koma wurinsa, yanar kuma a ɗauke ta da takarda mai tsabta.

Akwai haɗari guda da ban cika ganin an ambace shi a rubuce-rubucen waje ba, alhali yana cikin kowane gida a nan, wato maganin sauro. Yawancin na fesawa da na ƙonawa, da wanda ake jiƙa gidan sauro da shi, daga dangin magungunan da ake kira firetiroyid suke, kuma waɗannan suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya shiga ruwa. Ba na cewa a daina kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro saboda kifi, lafiyar mutum ce a gaba. Abin da za a yi shi ne a ajiye kifi a ɗakin da ba a fesawa, in kuma dole ne a fesa, a kashe injin da yake hura iska cikin ruwan, a rufe mazubin ruf da leda, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska sosai. Kada a yanki tsohon gidan sauro mai magani a yi murfi ko matata da shi, kuma wanda ya shafa maganin sauro a jiki ya wanke hannu da ruwa mai yawa kafin ya tsoma shi.

Betta mai cin nama ne, bakinsa ma sama yake kallo domin cafke ƙwarin da suka faɗo kan ruwa. Burodi da gero da shinkafa ba abincinsa ba ne, suna kumbura masa ciki su ɓata ruwa. Ƙwayoyin abincin gwangwani masu yawan sinadarin gina jiki sun wadatar, uku ko huɗu da safe, haka kuma da yamma. Amma babu abin da yake fito da launinsa da kuzarinsa kamar ƴaƴan sauro, waɗanda ake samu da damina a kowane ruwan da ya kwanta. A nan ina da tsauri: a kwaso su ne daga inda suka riga suka kasance, da rariyar shayi, a ɗauraye, a ba kifin a ranar, abin da ya rage a daskarar da shi a firij ko a zubar a kan yashi mai zafi. Kada wani ya ajiye ruwa a tsakar gida domin sauro ya yi ƙwai, domin a zafinmu ƙwan sauro yana zama sauro mai cizo cikin kusan mako guda, kuma haƙƙin maƙwabta ya fi sha'awar kiwo nauyi. A kuma guji ruwan kwata da na gefen gonakin da ake fesa wa magani.

Wani yaron maƙwabta da yake yawan zuwa kallo ya taɓa ce mini, "Baba, don Allah ka haɗa jan nan da shuɗin mu ga wanda zai yi nasara." Na ce masa, "Ɗana, zo in nuna maka abin da ya fi faɗan kyau." Sai na kara ƙaramin madubi a jikin gilashi. Nan take kifin ya buɗe murfin kunnuwansa, wata baƙar fata ta fito a ƙarƙashin haɓarsa, ya baje wutsiya iya faɗinta, jan jikinsa ya ƙara duhu, yana juyawa gefe yana karkaɗa jiki. Bayan minti biyu na ɗauke madubin, domin fiye da haka gajiya ce. Maza biyu a mazubi guda za su yayyage wa juna fikafikai har ɗaya ya mutu, tunda wanda aka rinjaya ba shi da inda zai gudu kamar yadda zai yi a fadama. Malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa, kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba ya ishi duk mai tsare wani rai a gidansa gargaɗi.

Game da haihuwa, lokacin da na ga ya fi dacewa a Yamai shi ne Yuli zuwa farkon Satumba. Ruwan ɗaki yana zama kusa da digiri 27 ko 28 ba tare da wata na'ura ba, iska tana da laima wadda take hana sheƙar kumfar da namiji yake ginawa domin ƙwai fashewa, abinci mai rai yana ko'ina, kuma ƴaƴan da aka haifa a lokacin za su yi ƙarfi kafin sanyin Disamba. Iyayen su kasance tsakanin watanni 5 zuwa 12, masu lafiya, girmansu kusan ɗaya. Ana gane mace da gajeren fiffike da cikakken ciki da wani ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin cikinta, inda ƙwai yake fitowa. Ni na fi son mai gajeriyar wutsiya, wanda ake kira plakat, domin ya fi kuzari, kuma fikafikansa ba sa saurin ruɓewa idan ruwa ya yi zafi. Mai wutsiyar rabin wata, wadda take buɗewa digiri 180, yana da kyan da ba a musu, amma nauyin wutsiyar yana gajiyar da shi, wasu ma har cizon ta suke yi. Gadon launi yana da ƙa'idojin da suke da daɗin bibiya. Idan aka haɗa shuɗi mai ruwan ƙarfe da kore-shuɗi, ƴaƴan duka shuɗi mai duhu suke fitowa, idan kuma aka haɗa shuɗi mai duhu biyu, kusan rabin ƴaƴan su yi kama da iyaye, kashi ɗaya cikin huɗu ruwan ƙarfe, ɗaya cikin huɗu kore-shuɗi. Dogon fiffike yana rinjayar gajere a gado, wutsiya biyu kuwa ba ta bayyana sai iyayen duka suna ɗauke da ita.

Makonni biyu kafin haɗawa a riƙa ba su abinci mai rai, kowa a mazubinsa. Mazubin haihuwa ya zama mai faɗi, ruwansa kada ya wuce zurfin santimita 12 zuwa 15, ƙasansa babu tsakuwa domin namiji ya iya ganin ƙwai, babu kuma matatar da take motsa ruwa. A sa ciyayin ruwa ko tsagin tukunya inda mace za ta ɓoye. Masu kiwo a Tailan suna jefa busasshen ganyen itacen Terminalia catappa, wanda masu Faransanci suke kira badamiye, kuma ana samunsa a wasu gidaje da lambuna a nan. Yana rina ruwa ya yi launin shayi, yana ɗan sassauta shi, namijin kuma yana son gina sheƙa a ƙarƙashinsa. Sai a sa namiji, a sa mace a cikin gorar roba mai haske da aka yanke kanta, suna ganin juna ba sa iya taɓa juna. Namijin zai fara guntsar iska yana tofar da kumfa mai haɗe da yawunsa har ta taru ta yi tudu. Idan macen ta shirya, layuka a tsaye suna fitowa a jikinta, musamman idan mai duhun launi ce, tana kuma sunkuyar da kai idan ya matso. Layukan da suka bi tsawon jiki alamar tsoro ce, a ƙara jira.

Bayan an sake ta zai kore ta, zai ma cije ta, kuma dole mai kiwo ya kasance a kusa domin ya fitar da ita idan abin ya wuce kima. Idan ta yarda, da kanta take zuwa ƙarƙashin sheƙa. Namijin yana lanƙwasa jikinsa ya naɗe ta, ya kife ta cikinta yana sama, su tsaya cik na ƴan daƙiƙu, sai ka ga fararen ƙwayaye ƙanana suna gangarowa a hankali. Shi ne yake fara sakin jiki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsincewa da baki tun kafin su isa ƙasa, ya hau ya tofa su cikin kumfa, ita kuwa tana shawagi a gefe a sandare har ta farfaɗo. Haka za su yi ta maimaitawa na sa'o'i, ƙwan yana iya kai ɗaruruwa. Da zarar ya fara korarta daga sheƙa, an gama, a cire ta a kai ta ruwa mai tsabta ta yi jinyar raunukanta. Daga nan aikin uba ne shi kaɗai: yana gyara kumfa, yana mayar da ƙwan da ya faɗo, yana cinye wanda ya lalace. Cikin sa'o'i 24 zuwa 48 ƙwai yana ƙyanƙyashewa, za a ga ƙananan wutsiyoyi suna rataye a ƙasan kumfa. Bayan kwana 2 ko 3 ƴaƴan suna fara iyo a kwance, kuma a ranar ake cire uban.

Mafi yawan ƴaƴan da suke mutuwa yunwar makon farko ce take kashe su, domin bakinsu bai isa ya ɗauki garin abinci ba, kuma abin da yake motsi kaɗai suke bi. Saboda haka tun mako guda kafin haihuwa ake jiƙa ganyen salati a kwalbar tsohon ruwan kifi a ajiye a wuri mai haske, har ƙananan halittun da ido bai cika gani ba su yi yawa, a riƙa ɗiga musu cokali kaɗan sau uku a rana. Gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka matse ta ƙyalle tana iya taimakawa, amma ɗigo ɗaya ya yi yawa ruwa ya ɓaci. Daga kwana na huɗu ko na biyar sai Artemia, ƙananan jatan ruwan gishiri da ake sayar da busasshen ƙwansu. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna amfani da shi, kuma wajensu ya fi sauƙin tambaya. Ana zuba shi a lita ɗaya ta ruwa mai giram 25 zuwa 30 na gishiri, a sa iska tana motsa shi, cikin kwana ɗaya ya ƙyanƙyashe. Ɗan kifin da ya ƙoshi da shi cikinsa yana yin launin lemo, da ido ake gani. Tsakanin mako na 3 da na 6 gaɓar shaƙar iska take ginuwa, kuma a wannan lokaci murfi kada ya tashi daga kan mazubi, domin iskar da za su fara shaƙa ta kasance mai ɗumi da laima.

Wajen wata na biyu zuwa na uku mazan suna fara buɗe wa juna kunnuwa, kuma daga nan kowane namiji sai da mazubinsa. Haihuwa guda da ta yi kyau tana iya barin mutum da maza 40 ko 50, kowanne a kwalbar lita 2 ko 3 na wucin gadi wadda sai an canja ruwanta kusan kullum, a garin da famfo yake iya yin shiru a tsakiyar bazara. Don haka nake cewa lissafin kwalabe da randuna da mutanen da za su karɓi kifin ya zo kafin a haɗa iyayen, kuma masu sha'awar a Yamai ba su yi yawan da za su ɗauke haihuwa bayan haihuwa ba. Wanda ya rasa yadda zai yi da su kada ya kai su kogi ko magudanan gonakin shinkafa na Saga da ke gefen Yamai, domin irin wurin da wannan kifi yake iya kafuwa ke nan. Hakan ta faru a arewacin Ostireliya, inda aka tarar da shi ya bazu a fadamar kogin Adelaide, kuma kogin da masuntanmu suke ci daga gare shi ba wurin gwaji ba ne. Ni sau ɗaya nake haɗawa a damina, kuma ba na ba kowa ɗan kifi sai ya nuna mini mazubin da ya tanada da ma'aunin zafinsa.